Shekarar da Na Hutar da Inna

Duk kun san hoton nan da ke rataye a falona, wanda nake tsaye sanye da harami a bayan keken Inna, a bakin masaukinmu na Makka. Tun kuna ƙanana baƙi suke nuna muku shi suna cewa ku yi koyi da ubanku, mutumin da ya tura mahaifiyarsa da hannunsa har ta gama ɗawafi. Ranar sunan jikana, ɗan Nasiru, ma wani malami ya kawo ni misali a wa'azinsa, ina zaune na sunkuyar da kai, jama'a suka ɗauka tawali'u ne. Ba tawali'u ba ne, kunya ce. Yanzu da mahaifiyarku Asabe ta riga mu gidan gaskiya, ni kaɗai na rage wanda ya san yadda aka yi Inna ta hau keken nan, kuma ba na so in tafi in bar muku ƙarya a rataye a bango. Ko za ku tsallake sauran abin da na rubuta, wannan kam ku karanta shi.

Ni ne ɗan farin Inna, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta ce min Sule, ba ta kallona ido cikin ido, ba ta musu da ni. Tun da na fara tuƙi ta laƙaba min "mai mota", kuma ko muna ɗaki ɗaya, in tana da magana sai ta juya ga wani ta ce a gaya wa mai mota kaza. Ku na yanzu abin zai ba ku dariya, amma haka iyayenmu suke da 'ya'yansu na fari, kunya ce mai tsanani da ba a ƙetare ta. A Zandam take zaune tun rasuwar mahaifina, kuma ban san mace mai ƙarfinta ba. Ita ke surfenta, ita ke dakanta, ita ke jan guga. Ranar kasuwa ta ɗora kwandon daddawa a ka ta kama hanya da ƙafa, 'yan mata na binta a baya suna haki. Siririya ce, doguwa, dugaduganta duk kaushi. Ban taɓa jin ta ce kanta na ciwo ba.

Da aka yanke mana Jigawa daga Kano, harkar mota ta buɗe. Ma'aikata suna ta kai da kawowa tsakanin Dutse da Kano da nan Birnin Kudu, kowa da jakarsa da takardunsa, ga masu neman aiki, ga 'yan kwangila. Kafin ka ce kwabo na tashi daga direban wani na zama mai bas uku, biyu a hanyar Kano, ɗaya a hanyar Gwaram. Tun ban ga Makka ba aka fara ce min Alhaji a tasha, ni kuwa ban hana ba. To a wurinmu in Allah ya ɗaga ɗa, abu na farko da ake sa wa ido shi ne yadda zai yi da iyayensa. Yabon da ya fi kowanne shi ne a ce wane ya hutar da mahaifiyarsa. Na gina mata ɗaki a gidan nan, na shimfiɗa mata katifa mai kauri, na ja famfo har ƙofar ɗakinta, na je Zandam da bas guda na kwaso ta da kayanta. Turminta ma na ce a bar shi can. Na tara mutanen gida na kafa doka: kada in kuskura in ga Inna ta ɗaga ko tsinke. Buta a kai mata, abinci a kai mata, in za ta gidan suna ko nan da bakin layi ne a kira mata acaɓa. Sati bai cika ba ta aiko Asabe da saƙo.

"Inna ta ce in gaya maka ita fa ba ƙwai ba ce."

Na yi dariya na ce a ce mata ta sha wahala ta isa, yanzu lokacin cin gajiya ne. Ga nama, ga shayi da madara safe da yamma, ga lemon kwalba in an yi baƙi. Cikin shekara biyu Inna ta yi jiki, wuyanta ya cika, har mata suna shigowa suna cewa lallai Inna hutu ya karɓe ki. Ni kuma ina jin daɗi kamar an ba ni sarauta. Sai ga ƙishirwa da ba ta ƙarewa, sai jiri, sai ƙafa ta fara nauyi. Muka kai ta babban asibiti, likita ya ce ciwon suga ne da hawan jini. Ya rubuta magani, ya ce a rage zaƙi da gishiri, ya kuma ce lallai ta riƙa motsa jiki tana tafiya da ƙafa. Maganin na saya a ranar. Maganar tafiya kuwa ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu, don a ganina likita bai san irin tafiyar da matar nan ta sha a duniya ba.

A wannan shekarar ce na yi mata alkawarin kujerar Hajji, ni da ita, in Allah ya kai mu baɗi. Asabe ta ce da Inna ta ji, sai da ta yi hawaye, sannan ta faɗi abin da ke ranta. Ta sha jin hajiyoyin da suka dawo suna ba da labarin tsofaffin da ba sa iya tafiya, yadda ake ɗora su a kan wani gado na katako, ƙarti su ɗauke su a ka su zagaya da su. Wannan abin ya tsaya mata a rai.

"Ba za a ɗauke ni a makara da raina ba," in ji ta. "Ɗakin Allah da ƙafata zan zagaya shi, ko da rarrafe ne."

Ana nan sai malaman jami'a suka shiga yajin aiki, ɗalibai suka dawo gida, hutu ya ƙi ƙarewa. Akwai wasu yaran yankin nan da ke karatun likita da na gashin ƙashi a Kano, sun haɗa wata 'yar ƙungiya tasu tun a makaranta. Maimakon su zauna zaman banza, sai suka nemi izinin likitoci suka fara tara masu suga da masu hawan jini da safe a wani fili da ke bayan asibiti, ƙarƙashin itatuwan darbejiya, maza a gefe guda, mata a gefe guda. A gwada jinin mutum, a sa shi ya ɗaga hannu ya sauke, ya miƙe ya zauna, sannan a zagaya filin a hankali. Mai kula da ɓangaren mata wata yarinya ce Rabi, 'yar wani malamin Islamiyya a Kiyako, gajera, mai sanyin murya, ba ta rabo da hijabi da takalmin roba. Su ne suka zo tasha suka roƙe ni in riƙa ba su bas ranar Asabar su je Gwaram da ƙauyukanta, don can ma akwai tsofaffin da ke jiransu. Na ba su da murna, har ina bugun ƙirji a tasha cewa ni ne mai taimakon 'yan jami'a.

Ranar da Asabe ta raka Inna karɓar magani, Rabi ta tare su ta ce Inna ta shigo cikin masu zagaye. Inna ta ce ita ba yarinya ba ce da za a sa ta wasan 'yan makaranta. Asabe ce ta ba ni labarin yadda suka yi, bayan shekaru, lokacin da labarin ba shi da sauran amfani.

"Inna, na ji an ce baɗi za ki Makka," in ji Rabi.

"In Allah ya so."

"Ɗawafi zagaye nawa ne?"

"Ke 'yar malam ce kike tambayata? Bakwai."

"To ga fili nan. Yau mu yi ɗaya. Ranar da kika yi bakwai ba ki zauna ba, ni da kaina zan ce kin shirya."

Yarinyar nan ta san inda ake kama tsohuwa. A ranar Inna ta yi zagaye ɗaya da ƙyar, ta zauna tana haki tana cewa ashe haka ta lalace. Da ta dawo gida ta sa aka tsamo mata 'ya'yan tsamiya bakwai daga wadda aka jiƙa ta kunu, ta wanke su ta shanya, ta ƙulle a bakin zaninta. In za ta fara zagaye sai ta riƙe su a hannun dama, duk zagaye ɗaya ta mayar da ƙwaya ɗaya hagu. Ita da wata maƙwabciyarmu, Iya Tabawa, wadda ita ma suga ke damunta, suka zama abokan tafiya. Ɗan acaɓar da na ɗaukar mata ma sallamarsa take yi a bakin layi, su taka da ƙafa har asibiti. Asabe ta taɓa ce min Inna tana zuwa motsa jiki wurin 'yan jami'a, na ce to madalla, ban tambayi mene ne motsa jikin ba, na zaci matsa mata ƙafa suke yi tana kwance. Abin da na gani da idona shi ne kumburin ƙafarta ya saɓe, ta daina gyangyaɗin rana, kuma na fara jiyo dariyarta daga zaure. Na ce maganin likita ne yake aiki, har na ƙara sayo wani.

Wata uku ana haka. Ta kai zagaye biyar.

Sai wata safiya ina zaune a benci a tasha, direbobi sun cika wurin mai shayi, Ɗanladi ɗan kamasho ya ƙaraso yana washe baki. Mutum ne mai baki kamar reza, kuma mun daɗe muna 'yar tsama a kan lodi.

"Alhaji Sule, ashe Inna ta shiga soja ba ka gaya mana ba?"

Na ce wace irin magana ce wannan.

"Yanzu na wuce ta bayan asibiti na gan ta ta ci ɗamara da gyale, ana ce mata ɗaga hannu, sauke hannu, tana bi. Kuma a ƙasa ta je, na gan ta da idona. Mai bas uku, uwarsa tana taka sayyada. In man fetur ne ya yi wuya ka faɗa mana mu yi maka karo-karo."

Wurin ya ɗauki dariya. Ba wata doguwar dariya ba ce, na tabbata kafin azahar duk sun manta. Ni ne ban manta ba. Na ajiye kofin shayin, na hau acaɓa na nufi asibiti, zuciyata tana tafasa. Daga bakin wayar da ta kewaye filin na hango su, tsofaffin mata kusan goma sha biyar sun yi layi, Inna ce a gaba don ta fi su tsawo, ta ɗaure gyale a ƙugu, tana tafiya tana kaɗa hannu irin tafiyarta ta Zandam, tana juyowa tana tsokanar Iya Tabawa da ta rage a baya. Shekara biyu rabon da in ga fuskarta haka. Wallahi na gani, ba zan ce ban gani ba. Amma a jikin wayar akwai 'yan acaɓa uku da suka tsaya suna kallo suna murmushi, kuma su na zaɓa in kalla. Na aika aka kira min Rabi gefe, inda Inna ba za ta hango ni ba. Ta zo ta durƙusa ta gaishe ni.

Na ce, "Ke, uwar tawa kika mayar abin kallo?"

"Alhaji, ba abin kallo ba ne, magani ne. Jininta ya sauka, sugan ma ya sauka. Likita ya gani ya yi murna."

"Maganin da za a sha a bainar jama'a ba na so. Na fi ƙarfin uwata ta yi yawo a ƙasa."

"To a sa mana labule a jikin wayar, ko mu koma can ciki. Ko ni in riƙa zuwa gida."

"Ba labule, ba gida. Daga yau kada in sake ganinta a nan."

Ta ɗago ta dube ni, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Alhaji, zagaye biyu ya rage mata. Ƙafar tsoho in ta zauna ba ta cika tashi ba. Don girman Allah ka bar ta."

Da ta yi min rashin kunya da na ji sauƙi. Amma gaskiya ta faɗa min cikin ladabi, ni kuma a lokacin gaskiya daga bakin 'yar cikina ta fi zagi ciwo. Sai na ɗauko abin da na san zai karya ta. Na ce in na sake jin Inna ta taka filin nan, ko ita Rabi ta taka gidana da wannan magana, to su nemi motar da za ta riƙa kai su Gwaram. Na san ba su da wata motar. Na san akwai tsofaffi a can da suke shimfiɗa tabarma tun safe ranar Asabar suna jiransu, wasu ma 'yan Zandam ne da suka goya ni. Na ɗora mata tsohuwa ɗaya a hannu guda, tsofaffin Gwaram a ɗaya hannun, na ce ta zaɓa. Sai ta ce, "Allah ya huci zuciyarka, Alhaji," ta koma wurin matan.

A gida na kira Asabe ɗaki na zazzage mata, na ce ita ce munafukar da ta bari aka tozarta ni. Ku da kuka taso kuna jin wai mahaifiyarku ta taɓa yin sakaci da Inna har na kusa kai ta gidansu, to ga asalin maganar, kuma ba ta yi sakacin komai ba. Na ce ta je ta gaya wa Inna 'yan jami'a sun tashi shirin, likita kuma ya ce ta huta. Asabe ta ce ba za ta iya yi wa Inna ƙarya ba. Na ce ko ta faɗa ko ta haɗa kayanta. Tana goye da ke a lokacin, Ummi, ke da aka sa wa sunan Inna. Ta share hawaye ta je ta faɗa. Ina laɓe a bakin ƙofa ina ji. Sai Inna ta ce:

"Mai mota ne ya ce?"

Asabe ta sunkuyar da kai.

"To," in ji Inna.

Shi ke nan abin da ta ce. Washegari da safe Iya Tabawa ta yi sallama a zaure kamar kullum, ta ce Inna ta fito rana na yi. Ashe ƙaryar tawa ko kwana ɗaya ba ta yi ba. Inna ta ɗaga murya daga ɗaki ta ce ta tafi kawai, yau ba ta jin daɗi. Gobe ma haka, jibi ma haka, har Iya Tabawa ta daina tsayawa. Da ƙanena ne ya yi mata wannan, da ta wanke shi tas ta ɗauki gyalenta ta fice. Amma ni ne, ɗan fari, wanda ba ta iya buɗe baki ta yi musu da shi. Na san da haka, kuma da shi na yi amfani. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai har yau.

Ta gwada yi a tsakar gida. Sai ta fito da hantsi ta fara zagaya bakin famfo da 'ya'yan tsamiyarta a hannu. Amma dokata tana nan, kuma bayan faɗan da na yi kowa a tsorace yake. Tana miƙewa za a taso mata, Inna me kike so, Inna zauna a kawo miki, Inna kada Alhaji ya shigo ya gan ki a tsaye. Mutum ba ya zagaye bakwai ana binsa da kujera. Bayan 'yan kwanaki ta daina fitowa sai alwala. Da aka janye yajin aiki, Rabi ta zo tasha ta yi min godiyar mota, ta miƙo min wata takarda da ta zana 'yan hotuna a jiki, yadda Inna za ta riƙa motsa ƙafa da hannu ko a zaune ne. Ta ce don Allah in kai mata. Na ce to. Na jefa takardar a gaban bas ɗin Gwaram, rana ta cinye zanen, wani direba ya goge gilashi da ita.

Saura wata biyu a fara tashin alhazai, wata safiya buta ta suɓuce daga hannun Inna. Ta sunkuya za ta ɗauka, sai ta tafi gaba ɗaya. Kafin mu isa asibiti bakinta ya karkace, ɓarin jikinta na hagu ya saki. Likitan da ke dubanta tun farko ya buɗe katinta yana juya shafi, ya ce abin yana tafiya daidai, me ya sa ta daina zuwa wurin yaran nan? Asabe ta dube ni. Na ce ƙaddara ce, likita. Ya ce haka ne, ya ci gaba da rubutu. Na san rai da lafiya a hannun Allah suke, malamai da yawa sun gaya min ko tana tafiya abin da zai same ta sai ya same ta, kuma ban musa ba. Amma ni direba ne. In na cire wa mota birki da hannuna ta faɗa rami, ba zan tsaya a gaban mai ita in ce masa ƙaddara ba.

Hajjin wannan shekarar ya wuce mu. Maganarta ta dawo a hankali, hannun ma ya ɗan dawo, ƙafar ce ta ƙi. Na kai ta Kano, na kai ta wurin masu gashi, na sayi duk abin da aka ce in saya. A lokacin babu abin da ba zan bayar ba in ga ta ci ɗamara da gyale a gaban duk 'yan acaɓar Birnin Kudu, amma ihu ne bayan hari. Da shekara ta zagayo na ce alkawari kaya ne, na sayi keken guragu muka tafi. Na rantse ba wanda zai ɗauke ta a ka, ni zan tura ta.

A saman bene muka yi ɗawafin, inda masu keke suke bi. Tun da ta hango Ka'aba daga can sama take kuka marar sauti. Muna zuwa daidai inda ake farawa, sai ta ɗaga hannun dama. Babu Asabe, babu kowa da za ta aika, dole ta yi min magana da kanta.

"Tsaya. Sauke ni."

Na ce Inna ba za ki iya ba.

"Sauke ni."

Na ja keken gefe, na sa hannu a hammatarta na ɗaga ta. Ta dafa kafaɗata, ta kafa ƙafar dama a ƙasa, ta tsaya. Ta yi ta ƙoƙarin jawo ta hagu, jikinta duk yana rawa, gumi yana zuba, jama'a suna ratsa mu ta ko'ina. Ƙafar ko gezau. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Daga ƙarshe ita da kanta ta koma ta zauna. Ta kwance bakin mayafinta da haƙori da hannu ɗaya, sai ga 'ya'yan tsamiyar nan bakwai, sun yi baƙi sun yi sheƙi. Ban san ta taho da su ba. Ta kama hannuna ta zuba min su, ba ta dube ni ba.

"Kai ka ƙirga. Ƙafarka ce ke yi."

Haka na tura ta zagaye bakwai ina mayar da ƙwaya ɗaya-ɗaya hagu, ina kuka kamar yaro, mutane suna ganin tsoron Allah ne ya kama ni. Da yamma wani ɗan garinmu ya ɗauke mu hoto a bakin masauki. Shi ne wanda kuke gani.

Ba ta ƙara tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa samun ƙarfin halin durƙusawa in ce ta yafe min wannan abu da sunansa ba. Nakan ce Inna ki yafe min, ta ce wa Asabe a gaya wa mai mota bai yi mata komai ba. Shekara ɗaya da rabi bayan dawowarmu ta rasu a kan katifar nan mai kauri. Iya Tabawa ta zo gaisuwa da ƙafarta, ta kuma yi shekaru tana zuwa gidan nan da ƙafarta, duk ranar da na ji sallamarta sai in fita ta ƙofar baya. Rabi kuwa ban sake ganinta ba. Na taɓa tuƙa mota har Kiyako, na tsaya a ƙofar makarantar mahaifinta ina jin karatun yara, na rasa da wane baki zan fara, na juyo. Ɗanladi ya rasu tuni. Na tabbata har ya koma ga Allah bai tuna ya taɓa yin wannan maganar ba.

Yanzu ga shi suga ya kama ni, kun sani. Kuma kun tashi 'ya'yan albarka, irin tarbiyyar da na yi muku da hoton nan. Nasiru ya karɓe makullin mota ya ajiye min direban da zai kai ni masallacin da ke bakin layi. An sa min famfo a ɗaki. Ban ce ba ku kyauta ba, Allah ya yi muku albarka, abin da kuka ga ana yabo shi kuka yi. 'Ya'yan tsamiyar suna wurina, a aljihun rigar da nake sallah da ita. Tun watan jiya, in na ga gidan ya yi shiru da hantsi, nakan fito in gwada zagaya tsakar gida. Shekaranjiya na kai uku, gwiwata tana rawa amma ina jin zan iya na huɗu, sai ga Ummi ta fito da gudu da kujera a hannu.

"Baba, don Allah zauna. In wani ya shigo sai ya ce ba ma kula da kai."

Na buɗe baki zan yi magana, na dubi fuskarta, mai sunan Inna, na ga har zuciyarta take faɗa. Na zauna. Ta kawo min ruwa, ta gyara min matashi a baya, ta koma ciki tana jin daɗi. Sauran 'ya'yan tsamiya huɗun suna hannuna na dama har aka kira azahar.